Tarihin Farautar Barewa a Barikokin Sojan Amurka: Wa Ke da Ikon Shiga?

Jama'a, yau zan ɗan kauce wa siyasar gida in ba ku wani tarihi da na daɗe ina bibiya. A Amurka, wasu daga cikin wuraren da mafarauta suka fi rububin shiga don harbin barewa suna cikin filayen soja ne, inda ake ajiye bama-bamai ko ake gwajin manyan bindigogi. Mutum zai cike takarda, ya biya kuɗi, ya jira ƙuri'a, wani ya yi shekaru sunansa bai fito ba. Ni da na yi shekaru ina aikin gwamnati, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wannan izini ya tashi daga alfarmar kwamanda ya koma doka a rubuce.

Bari in fara da dabbar. Barewarsu ba irin tamu ba ce sak. Ta fi tamu girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari ne, namijin kuma ƙahonsa rassa-rassa ne kamar bishiya, yana zubarwa duk shekara wani ya tsiro. Wajen shekarar 1900 saura kaɗan ta ƙare. An sare dazuzzuka an yi gonaki, masu farautar kasuwa suna kashe ta ba adadi suna lodin nama da fata a jirgin ƙasa zuwa birane. Ƙiyasin masana ya nuna abin da ya rage a lokacin bai wuce 500,000 ba a faɗin ƙasar. Sai aka fara taka burki. A 1900 aka yi dokar Lacey wadda ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindiga da harsashi domin farfaɗo da namun daji. Yau ana maganar barewa kusan miliyan 30.

To ina soja ya shigo? Yaƙin Duniya na Biyu ne ya shigo da shi. Daga 1940 gwamnatin Amurka ta riƙa karɓar manyan filaye cikin gaggawa domin atisaye da ajiyar makamai. Ta tashi manoma, ta biya diyya, ta zagaye wuraren da waya. Babu wanda barewa ke ransa a lokacin. Amma kun san dabba: inda ba noma, ba karnuka, ba mafarauci, nan ne aljannarta.

Misalin da ya fi shahara shi ne ma'ajiyar makamai ta Seneca a jihar Niyok. An gina ta a 1941 a kan fili mai faɗin eka sama da 10,000, bayan an tashi iyalai fiye da 100. Aka gina rumbunan kankare sama da 500 na harsasai, aka kewaye wurin da shingen waya mai tsawon mil 24. Ashe an kulle wasu 'yan bareyi a ciki. A cikin jininsu akwai wani gado da ke sa a haifi barewa fara fat. Ba zabiya ba ce, don idonta ruwan ƙasa ne kamar na sauran. A dajin Allah irin wannan ba ta cika tsawon rai ba, saboda daga nesa ake hango ta. A 1949 aka fara ganin farare a cikin shingen, ba a jima ba kwamandan wurin ya ba da umarnin kada wanda ya kuskura ya harbe su. Da yake garken a rufe yake, su ya su suke barbara, farin ya yi ta yaɗuwa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka Seneca ta zama gidan garken fararen bareyi mafi girma da aka sani a duniya, a daidai wurin da mata masu adawa da makaman nukiliya suka yi zaman dirshan a 1983.

Sai dai shingen da ya kare su shi ya so ya halaka su. Ba kerkeci, ba hanyar fita, suka hayayyafa har suka cinye tsiron da ke ciki, yunwa ta fara kama su. Dole a cikin shekarun 1950 aka fara farauta mai tsari domin rage yawan masu launin ƙasa. Wannan matsala ba a Seneca kaɗai ta tsaya ba. Barikoki da yawa sun wayi gari da bareyi suna karo da motoci, suna tsallaka titin saukar jirage.

Nan fa rigimar ta taso: wa zai yi farautar? Filin na gwamnatin tarayya ne, amma a tsarin Amurka namun daji amanar jama'a ce a hannun jiha, jiha ce ke sa lokacin farauta da adadin da mutum zai kashe. Jami'in gandun daji na jiha kuwa iyakarsa bakin ƙofar bariki. A shekarun 1950 ƙorafi ya yi yawa cewa wasu barikoki sun zama gandun farautar manyan hafsoshi da baƙinsu, babu ruwansu da dokar jiha, alhali jikan manomin da aka tasa daga wurin sai dai ya leƙa ta waya.

Majalisar dokokinsu ta shiga maganar. A 1958 ta yi dokar Engle, wadda ta ce duk farauta da kamun kifi a filin soja dole su bi dokar jihar da filin yake, kuma a nemi lasisi. A 1960 aka yi dokar Sikes, mai ɗauke da sunan Bob Sikes, ɗan majalisa daga Fulorida wanda babban sansanin sojan sama na Eglin ke mazaɓarsa. Ita ta buɗe hanyar da soja za su zauna da hukumar kifi da namun daji ta tarayya da ta jiha su tsara yadda za a kula da dabbobin bariki. Ta kuma yarda a karɓi kuɗin izinin farauta, da sharaɗin a kashe shi a kan namun dajin barikin da aka karɓa. Wannan sharaɗi ƙarami ne a ido, amma duk wanda ya san yadda kuɗin shiga ke ɓacewa idan ya faɗa babban asusu ya san nauyinsa. A 1997 aka gyara dokar, ya zama wajibi duk barikin da ke da albarkatun daji na a-zo-a-gani ya mallaki rubutaccen tsari, kuma a bar jama'a su shiga matuƙar hakan bai ci karo da tsaro da aikin soja ba. Filayen da ake magana sun kai eka miliyan 25.

Ga yadda abin yake a aikace. Lasisin jiha daban, izinin bariki daban. Za a binciki tarihinka, musamman tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 da aka ƙara tsaurara shiga. Za ka yi rajistar makaminka, ka zauna a karantar da kai ƙa'idojin tsaro. An yanka dajin gida-gida, kowane yanki da adadin mutanen da zai ɗauka. Ka sa hannu da shigarka, ka sa hannu da fitarka. In lokaci ya wuce ba ka fito ba za a bi sawunka, kuma kana iya rasa izininka. Ran da sojoji ke harbi a wani yanki, a rufe yake ko da ka yi tafiyar kwana ka zo. In ka yi kamu, a wurare da dama sai ka kai an auna nauyi an duba haƙora don sanin shekarunta, da wannan lissafi ake yanke adadin baɗi. A masana'antar harsasai ta McAlester da ke Oklahoma, mai faɗin eka kusan 45,000, kwari da baka irin na gargajiya ake amfani da su, kuma sai wanda ƙuri'ar jiha ta faɗa wa. Wahalar kamun ita ke barin mazan su manyanta, shi ya sa sunan wurin ya zagaye ƙasar.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne filin gwajin makamai na Jefferson a kudancin Indiyana. An karɓe eka kusan 55,000 a farkon shekarun 1940, aka tashi iyalai wajen 500, har kaburbura aka kwashe. Aka yi sama da shekara 50 ana luguden wuta, aka rufe a 1995. An ƙiyasta akwai harsasai kusan miliyan ɗaya da rabi da ba su fashe ba a cikin ƙasar. Tsaftace wurin ya fi ƙarfin aljihu, ba a iya noma, ba a iya gini. A 2000 aka mayar da mafi yawansa gandun namun daji mai suna Big Oaks. Har gobe ana farautar barewa a can, amma sai ka kalli bayanin haɗari ka sa hannu cewa ka san inda za ka taka. Wato bam ɗin da ya kori mutum shi ke gadin dajin.

Kada wani ya ɗauka ina cewa bariki alheri ne ga daji a kowane hali. Waɗanda aka tasa ba su koma ba, kuma ƙasar Jefferson ta gurɓata har illa masha Allahu. Seneca ma da soja suka tattara a 2000, sai makomar fararen bareyin ta shiga rawa, don umarnin kwamanda ne da shinge ke riƙe da su. Aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin a 2016 wani ɗan kasuwar yankin ya sayi babban kaso na filin, ya ware wa bareyin wuri. Kun ga bambancin ke nan. Abin da aka rataya a wuyan mutum ɗaya yana tafiya ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Abin da aka rubuta a doka, aka ba shi kasafi da ma'aikaci da rajista, shi ke zama.

Abin da ya sa na ga ya dace mu san wannan tarihi shi ne mu ma mun kama hanyar. Sambisa gandun namun daji ne tun asali, a 2017 sojojinmu suka yi gasar harbi a cikinsa, aka kuma yi maganar mayar da shi filin horo. Dajin Falgore a Kano shi ma an ba soja wuri a ciki domin atisaye. Tsaro ne ya kawo haka, kuma ba mai jayayya da buƙatarsa. Amma tambayoyin da Amurkawa suka amsa a 1958 da 1960 suna nan suna jiranmu. Wa ke da alhakin dabbobin da ke ciki, soja ko ma'aikatar gandun daji? In zaman lafiya ya samu, da wace takarda maharbi ko makiyayi na ƙauyen da ke gefe zai shiga? In an karɓi kuɗi, ina zai tafi? Gara a rubuta amsar tun yanzu, kafin ta zama sai wanda ya san wani.

Masu aikin gandun daji da 'yan uwa sojoji da ke nan, ina son jin ta bakinku. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.