Guzurin Ɗalibi a Ƙasar Gwandu, Dā da Yanzu

A ƙasar Gwandu, wajen Kalgo, akwai wani ƙauye da ake kira Wurogauri. Sunan na Fillanci ne: wuro shi ne mazauni, gauri kuwa hatsi, watau garin hatsi ke nan. Sunan nan ya dace da batun wannan takarda, gama in aka bi tarihin neman ilmi mai zurfi a wannan ƙasa, za a tarar ci da masauki da guzurin hanya sun fi ladan malami yi wa iyaye nauyi. Za a kuma tarar da wuya gida ɗaya ya ɗauki nauyin nan shi kaɗai ya kai gaci.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauka Gwandu a 1805, sa'an nan a 1812 ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi mulkin ƙasashen yamma. Tun daga nan garin ya zama matattarar masu neman ilmi. Shi Malam Abdullahi ya jera malamansa a cikin littafinsa Ida'un Nusukhi, kuma da yawa daga cikinsu danginsa ne. Wannan ita ce hanya ta fari ta rage tsadar karatu: yaro ya yi nisa a hannun kawunsa ko baffansa kafin ya fita waje. In ya fita kuwa, ba a yanka masa kuɗi. Ya sauka a zauren malami, ya yi masa noma da damina, ya yi ɗinkin hula ko kwafar littattafai da rani. Mutanen gari su kai akushi, manoma su fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, a ba malami da almajiransa rabonsu. Abin da ke da tsada ƙwarai shi ne takarda, domin daga Turai take zuwa ta hanyar Tarabulus. Saboda haka ɗalibi ya kan ari Risala ko Muhtasar ya kwafa da hannunsa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai wani sabon tsari ya shigo. Aka kafa baitulmalin En'e, aka buɗe makarantun elemantare da na Midil, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1921 don horad da malamai. Lardi-lardi ake zaɓen yara, hukuma ta ɗauki nauyin cinsu da tufafinsu da littattafansu, su kuwa in sun gama su koma su yi wa ƙasarsu aiki. Haka Ahmadu Bello ya yi: ya shiga a 1926, ya fita a 1931, ya koma Sakkwato yana koyarwa a Midil. Amma fa kada mai karatu ya ɗauka kyauta ce. Kuɗin baitulmali daga haraji da jangali suke fitowa, watau daga gumin talakan da ɗansa bai shiga aji ba. Hasarar uba a wannan zamani kuwa ita ce ta rasa hannu guda a gandu, kuma tana cikin dalilan da suka sa waɗansu ke ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗibar yara.

Bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da ta Sakkwato a 1975, gwamnati ta ci gaba da ɗaukar mafi yawan nauyin. Kwalejojin horad da malamai ma suna ciyarwa, har da ɗan kuɗin kashewa, don haka su ne ƙofar da 'ya'yan talakawa suka fi shiga. Abin da ya faru a watan Afrilu na 1978 ya isa shaida a kan matsayin abinci cikin sha'anin nan. An ƙara kuɗin cin yini, sai ɗaliban jami'o'i suka tashi suna neman a tuɓe Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, har aka yi hasarar rayuka a Ikko da Zariya. A cikin shekarun 1980 kuɗin man fetur ya ragu, aka daina ciyarwa, darajar naira ta faɗi daga 1986. Nauyi ya komo wa gida.

Ga yadda magidanta suka yi da shi. Na ɗaya, sun nemi kusa. An ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, aka kafa jami'ar jiha a Aliero a 2006, da ta tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ɗan Wurogauri da a dā sai ya tafi Zariya, yanzu yana iya karatu a ƙasarsu, ya sauka wajen dangi. Na biyu, sun koma ga rumbu. Uba ya kan aika da gero da shinkafa da wake maimakon kuɗi, gama abin da aka noma ya fi abin da aka saya araha. Mai dabara ba ya sayar da hatsinsa da kaka sa'ad da ya yi arha, sai ya ajiye zuwa bazara. Na uku, uwa ta turke rago don Babbar Salla, ko ta shiga adashi ta roƙi kwasarta ta faɗo daidai lokacin rajista. Na huɗu, yaro ya fara da kwalejin ilmi, ya kama koyarwa, kāna ya biya wa kansa digiri, ya kuma ja ƙanensa. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗaliban makarantunta da na jihohi rancen karatu marar ruwa, wanda ake soma biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Rashin ruwan ya kau da abin da zai hana Musulmi karɓa. Duk da haka akwai bambanci da ya kamata malaman kwalejoji su bayyana wa iyaye. Almajirin zaure ya biya da noma, ɗan Kwalejin Katsina ya biya da koyarwa, kuma dukansu biyu aikin na jiransu. Mai rancen yau da albashi zai biya, albashin kuwa ba a yi masa alkawarinsa ba. Saboda haka gidan da ya fara lissafa abin da rumbu da turke da dangi za su iya ɗauka, ya ranci ragowar kaɗai, shi ne ya bi hanyar da ƙasar Gwandu ta sani tun zamanin Malam Abdullahi.