Dokta East, Baturen da Ya Sa Malamai Ƙaga Labari

A shekarar 1933 wani Baturen Ingila mai suna Rupert East ya tashi daga Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewacin Nijeriya yana neman malamai su rubuta masa ƙagaggun labarai da boko. Shi ne shugaban ofishin fassara na gwamnati a lokacin. Abin da ya dame shi, makarantu suna yaye yara masu iya karatu, amma ba littafin da za su ɗauka don jin daɗi. Yaron da ba ya da abin karantawa kuwa, karatunsa zubewa yake yi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A wurin malaman zamanin, alƙalami na ilimi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara, da dare. East ya yi ta lallashi, har aka sa gasa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. Na biyar, Jiki Magayi, sunaye biyu ke kansa: East da John Tafida, ɗan Wusasa.

East bai zauna ya rubuta wa Hausawa labaransu ba, ya sa masu harshen su rubuta. Amma hannunsa na gyara yana da nauyi. A 1936 ya ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, ya tara masa littattafan labarun Larabawa da Turawa da Indiyawa, Imam ya sa musu rigar Hausa. Haka aka haifi Magana Jari Ce. Har yau masana suna gardama a kan inda aikin edita ya tsaya, na marubuci ya soma.

A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam ne edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, East yana shugabanta. Ba Hausa kaɗai ya yi wa aiki ba: shi ya fassara tarihin Tibi na Akiga Sai zuwa Turanci, aka buga a 1939. Ya rasu a 1975.