ƘOTAR BINDIGA DA MASU GYARANTA

Karatunmu na yau tarihi ne, kuma a kan bindiga yake. Kun san bindiga kashi biyu ce: akwai ƙarfe, akwai icce. Iccen nan da mahalbi yake dafawa a kafaɗa shi muke kira ƙota. Kowa yana zancen ƙarfe. Mu yau zancen icce za mu yi.

Bindiga baƙuwa ce a ƙasarmu. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Labarin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe. A nan wajenmu kuwa, wanda ya fi suna da tara su shi ne Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulemanu, wanda ya riƙe ƙasa daga 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye Zinder da ganuwa. Fatake suna ɗauko masa bindigogi daga Tarabulus, su ratsa hamada bisa raƙuma, su biyo ta Agadas. Maƙeransa sun zuba igwa a cikin gari. A nan kuma ake haɗa albarushi. Yawancin ƴan bindigar bayin sarki ne, don manya sun fi son doki da mashi da takobi.

To, ku yi tunani. Bindigar da ta yi watanni bisa raƙumi, in ta lalace, za a mayar da ita Tarabulus ne? A'a. A nan za a gyara ta. Kuma abin da ya fi saurin lalacewa shi ne ƙota.

Ga dalili. An sassaƙa iccen a ƙasar Turai, inda akwai laima. Da ya iso nan, sai hunturu ya busar da shi, ya tsuke. Da damana ya sha laima, ya kumbura. Shi kuwa ƙarfen da ke kwance cikinsa ba ya tsukewa tare da shi. Shekara da shekara haka, sai icce ya tsage. Ƙari a kan haka, duk lokacin da aka halba, bindiga tana tokarin baya, ƙarfe yana dukan icce. Tsagar ta fi fitowa a wuyan ƙota, wurin da hannu yake kamawa, don nan ne icce ya fi siranta.

Sana'a uku ne suke haɗuwa a kan wannan gyara. Masassaƙi yana duba icce. In ya mutu sarai, sai ya sassaƙa sabuwar ƙota da iccen ƙasa. Maƙeri yana naɗa waya ta jan ƙarfe ko ya buga zobe. Amma a ganina dabarar baduku ta fi burgewa. Yana jiƙa ɗanyar fata, ya naɗe wuyan ƙota da ita, ya ɗinke. Fata tana bushewa tana tsukewa, har ta matse tsagar kamar an ɗaure da ƙarfe. Ba ƙusa, ba hudawa. In kun ga tsohuwar bindiga a hannun ƴan bindigar sarki ranar hawan salla da baƙar fata a wuyanta, sau da yawa gyara ne kuke gani.

A 1899 sojan Faransa suka ci Zinder bayan yaƙin Tirmini, da bindigogi masu saurin ɗuri. Daga nan bindigar ɗuri ta bar fagen fama. Ta koma hannun mahalba da wajen bukin salla. Amma icce bai bar halinsa ba, har gobe yana tsagewa.

Saboda haka, kai mai bindiga da takardar izinin hukuma, ka saurara. Mutane da yawa in sun ga ƙota ta dushe, sai su shafa mata mai don ta yi ƙyalli. Wannan kuskure ne in akwai tsaga. Mai yana shiga cikin tsagar, kuma danƙo ba ya kama iccen da ya sha mai. Gyara shi ne farko, shafa mai shi ne ƙarshe.

Da fari ka tabbata babu ɗuri a ciki. Ka raba ƙarfe da icce. Ka kankare tsohon fenti da datti, don ka ga inda tsagar ta fara da inda ta tsaya. Sau da yawa ta fi yadda kake zato tsawo. In icce ya riga ya sha mai, ka barbaɗa masa toka, ka ajiye shi wuri mai ɗumi, toka za ta tsotse man. Ka goge, ka sake, har ya daina fitowa. Sannan ka ɗan buɗa tsagar a hankali, ka cusa danƙon kafinta har ƙasanta. Kada ka yi da ƙaro, ruwa yana narkar da shi. Ka naɗe da igiya ko robar tayar keke, ka bar shi kwana guda cur. In ya bushe, ka goge da takardar yashi, sannan ka shafa mai kaɗan kaɗan.

Tsagar da ta bi tsawon icce tana gyaruwa. Wadda ta yanke wuyan ƙota a gicciye kuwa, danƙo kaɗai ba ya isarta. In ka halba da ita haka, ƙota tana iya karyewa, ƙarfe ya dawo ya same ka a fuska ko a ido. Irin wannan, ka kai wa masassaƙi ya yi maka sabuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.