Fumfunar gyada da ta riƙa bin gidan waya zuwa Landan

A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa dalili, har aka sa wa cutar suna X. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyada ce daga Burazil. A 1961 masu bincike a Landan suka gano cewa wata fumfuna mai ruwan ɗorawa da kore, Aspergillus flavus, ita ke zuba gubar. Daga sunanta aka samo kalmar aflatoksin.

To, me ya haɗa wannan da manomin Rano ko Kibiya? Ai a lokacin gyadarsa ce ake tarawa a dalar gyada ta Kano, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Legas, daga can sai Turai. In masu saye suka tsorata, kasuwa ta mutu ke nan.

A wancan zamani, gane fumfuna aikin ido ne da madubin likita, ƙwararrun kuma 'yan kaɗan ne. Shi ya sa aka dogara da gidan waya. Akwai cibiya a Kew, gefen Landan, da aka kafa a 1920 musamman don tantance fumfuna daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Mai bincike zai shuka fumfunar a kan daskararren abinci cikin 'yar kwalba, ya murɗe murfi, ya naɗe, ya aika. Can za a ba ta lamba, a ajiye, a rubuto masa sunanta. Hanyar tana da wahala: zafi kan busar da samfur, wata fumfunar kan kutsa ta mamaye wadda aka aika, ga jiran amsa na makonni.

Amma amsar da ta fi amfanar manomi a gida aka samo ta. A Samaru, McDonald da Harkness sun nuna cewa gyadar da aka cire kan kari yawanci lafiyarta lau. Gubar ta fi yawa a wadda gara ta huda, ko ta wuce lokaci a ƙasa, ko ta jima ba ta bushe ba. Gubar nan kuwa hanta take ci, mutum ko dabba.

Daga baya IITA ta Ibadan ta tace dubban samfura, ta zaɓi iri 4 na fumfunar nan da ba sa yin guba. Su ne Aflasafe: ana shafa su a jikin dawa, a watsa kilo 10 a hekta kafin amfanin gona ya yi fure, su riga masu gubar kama wuri.