Daga Fijo Zuwa Motoci Masu Hangamemmen Baki

Duk wanda ya taso a Bulabulin ta Maiduguri a shekarun 1980 ba sai an kwatanta masa Peugeot 504 ba. Tun tana nesa, ta taso daga wajen Kasuwar Monday cikin ƙura, yaro zai nuna ya ce ga Fijo can. Fitilunta biyu masu ɗan kusurwa kamar idon da aka zizara wa kwalli, gefenta layi ɗaya miƙaƙƙe, but ɗinta kuma ya ɗan karye ƙasa daga baya. Gaba da baya kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

Ba haka kawai ta zo ba. Gidan zanen Pininfarina na Italiya ne ya fitar da siffarta, ta shiga kasuwa a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 kamfanin PAN ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, daga nan ta zama motar gwamnati, motar alhaji, motar haya. Yayarta 404, wadda ta fito a 1960, ita ce ta bar mana a-kori-kura mai ɗaukar buhunan wake da busasshen kifi daga Baga. Wagon ɗin 504 kuwa ita ta san hanyar Damaturu da Potiskum har Kano, tsayinta daga ƙasa ya dace da ramukanmu, gilasanta manya, direba na ganin akuya kafin ta tsallaka.

Na daɗe ina tuna wani dattijo mai gyaran jikin mota da ke aiki a inuwar dalbejiya a unguwarmu. Idan aka kawo Fijo da ta bugu, ba ya gaggawar ɗaukar guduma. Sai ya rufe ido ya bi gefen da tafin hannu, daga fitila har zuwa baya, domin layin ɗaya ne kuma hannunsa ya haddace shi. Inda layin ya ɓace, nan ciwon yake. Kwana biyu, ya mayar da ita kamar ba ta taɓa karo ba.

Marsandi ta zo da nata kwarjinin, musamman 190 ta 1982 da wadda ake kira Bi-but, duka ƙarƙashin jagorancin Bruno Sacco, mutumin da ya yi imani cewa sabuwar mota kada ta kunyata wadda ta gada. Bayan tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, sai 'yan Kwatano suka cika gari, Golf ta zama tasi, Honda da Toyota suka karɓe gidaje. Har zuwa Fijo 406 ta 1995 dai akwai natsuwa a ƙira.

Daga nan abu ya soma canzawa. Ku duba laƙabin da 'yan Najeriya suka riƙa raɗa wa motoci: Honda Accord ta 2008 Evil Spirit aka kira ta, Camry ta 2007 kuma Muscle. Sunayen tsoro da ƙarfi ke nan, ba na kyau ba. Lexus ta zo da ragar gaba mai tsukakken ƙugu a 2012, BMW ta buɗe hancin 4 Series a 2020 har ya kusa taɓa ƙasa. Akwai dalilai, ban musa ba: dokokin kariya daga haɗari sun ɗaga gaban mota sun kaurara ginshiƙanta, neman rage shan mai ya sa kowa bin siffar da iska ke so, sai motoci suka yi kama da juna, kamfanoni suka koma neman bambanci a ado. Amma me ya kawo ramukan iska na ƙarya a bamba, waɗanda ba su shaƙar komai sai ƙurar hunturu? Me ya sa gefe ɗaya zai ɗauki lanƙwasa huɗu da ba su san juna ba?

Matasan unguwa suna ce mini zamani ne, Baba, kuma motar yau ta fi tsare rai. Wannan gaskiya ne, na kuma yarda. Sai dai mu mutanen Borno mun san doki. Ranar hawan Shehu, kayan ado ba sa ɓoye dokin da ƙirarsa ba ta daidaita ba.

Ɗana, in za ka sayi mota, bar ta ta kwana uku a ƙurar Maiduguri ba wanki, sannan ka ja da baya ka dube ta daga gefe. In har gabanta da bayanta suna magana ɗaya, biya kuɗinka.