Daga Allon Itace Zuwa Kwamfuta a Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya yi nufin sanin yadda karatu ya sāke a kudancin Jigawa, watau ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a dā gundumomi ne na masarautar Kano tun kafin a ƙirƙiro jihar a 1991, lalle ne ya fara duban abin da ke hannun mai koyo, domin kayan karatu ba su taɓa sauyawa ba face zaman malami da almajirinsa ya sauya tare da su.

A tsangaya, malam ne ke feƙe alƙalamin kara, ya tsoma shi cikin tawadar zuge da ƙaro, ya rubuta wa kolo babbaƙu a allonsa, sa'an nan farfaru, har yaro ya iya haɗa baƙi, ya kai ga rubuta wa kansa. Allo kuwa ba ya ɗaukar fiye da ɗan abin da fuskarsa ta isa, ba a kuma yarda a wanke shi ba sai almajiri ya durƙusa gaban malam ya biya, malam ya saurara, ya gyara masa wasali ko madda, ya ce ya wanke. A nan hikimar take. Ƙarancin wurin rubutu ya tilasta hadda, sharaɗin wanki kuma ya sa ba mai wucewa gaba sai ta kunnen malaminsa. Haka al'amarin yake a makarantun zaure, inda ɗalibi ke jan baƙin Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam yana fassara masa jumla jumla, shi kuwa yana amsawa da na'am.

Boko ya shigo ƙasar Kano ne da makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, bai kuwa isa gundumomi da sauri ba, ko da yake daga baya Birnin Kudu ta sami babban rabo da kwalejinta ta kwana, wadda ta yaye mutane da yawa, har da Alhaji Aliko Ɗangote. Da boko ne allo ya bar cinyar yaro ya koma bango: baƙin allo guda ga aji duka, malami ya juya baya da alli yana rubutu, yara suna kwafa. Yayin da aka soma shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976, aka kwararo yara fiye da yadda malamai za su iya, sai kwafar ta rinjayi sauraron, har littafin yaro ya cika alhali ba wanda ya tambaye shi ko ya fahimta.

Zamanin kwamfuta ya keto Jigawa da wuri bisa ga maƙwabtanta, domin gwamnatin Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, ta ba shi muhimmanci, ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure. Amma Kazaure na can arewa maso yamma, kuma a ganina abin da ya kai wannan na'ura ga ɗan Gwaram bisa haƙiƙa shi ne hukumar JAMB, wadda ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta wajabta ta ga kowa a 2015. Ashe ke nan kwamfuta ta shigo ta ƙofar jarrabawa tun ba ta shigo ta ƙofar darasi ba, wannan kuwa zalunci ne ga yaron karkara da ya san amsa amma hannunsa bai saba da linzamin na'urar ba. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo ne ya fi isa ƙauyuka, saboda darasin intanet yana bukatar babbar waya da kuɗin data da wutar caji.

Ba a musun fa'idar wayar. Gardi yana jin tilawar Shaihu Husari a aljihunsa, ko da yake mafi yawan abin da ke yawo a wayoyi riwayar Hafsu ce, tsangayunmu kuwa a kan Warshu suka ginu. Malamin lissafi kuma yana aika wa ɗalibansa bayani ta WhatsApp. Sai dai muryar da aka naɗa tana karantawa ne kurum, ba ta jin kuskuren mai bin ta.

Saboda haka muna roƙon hukumomin ilimi na Jigawa, in za su kai kwamfuta makarantun Birnin Kudu da Gwaram, su haɗa da wutar sola da horon malamai, su kuma sa ta a gaban yaro tun shekararsa ta farko a sakandare, kada ya fara ganinta ranar jarrabawa.