Mutumin da ya yi shekara 19 yana ɗaukar hoton duwatsu

Waɗanda muka yi kulob ɗin ɗaukar hoto tare za su tuna ɗan ɗakin nan mai duhu, da jan ƙwai, da warin ruwan wanke fim. A nan ne wata rana Malam ya buɗe mana littafin hotunan wani Ba'amurke, Edward Weston. Babu mutum ko ɗaya a shafukan da ya nuna mana, sai duwatsu da saiwoyi da ciyawar teku. Na yi dariya, na ce wa zai ɓarnatar da fim a kan dutse? Malam bai tanka ba. Sai da na girma na bi tarihin mutumin.

An haifi Weston a 1886. Da farko irin hoton da ake yayi a zamaninsa yake ɗauka, mai dishi-dishi kamar zanen fenti. Daga baya ya watsar da shi. A 1929 ya koma garin Carmel a gaɓar tekun Kalifoniya, kusa da wani wuri da ake kira Point Lobos, inda igiyar ruwa ta sassaƙe duwatsu, iska kuma ta murɗe itatuwa. Kyamararsa babba ce mai ƙafa uku, kowane fallen fim inci 8 da 10. Ba ya ƙara wa hoto girma. Ɗora fim ɗin yake yi a kan takarda, ya haska, ya wanke. Shi ya sa har tsagar dutse da jijiyar ganye ake gani, ga baƙi, ga fari, ga toka-toka hawa-hawa a tsakani.

A 1932 shi da Ansel Adams da Imogen Cunningham da wasu suka kafa ƙungiyar f/64. Sunan na wata 'yar mitsitsiyar kafar shigar haske ne, wadda ke sa na kusa da na nesa su fito tangaran. A 1937 ya zama mai ɗaukar hoto na farko da ya sami tallafin Guggenheim.

Cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ita ta raba shi da kyamara. Hotonsa na ƙarshe a Point Lobos ya ɗauka, a 1948. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1958, kuma akwai wata gaɓa a wurin da ke ɗauke da sunansa.

Malam, idan wannan mujalla ta iso hannunka, na janye dariyar nan tawa.